Mudu Ɗaya: Zance a kan Gaskiyar Mai-Bi Cikin Aikin Awo da Bincike

Ya kai mai-karatu, ka san ɗan kasuwan nan mai mudu biyu. Ɗaya babba ne, da shi ya ke saye daga hannun manomi. Ɗayan kuwa an bubbuge gindinsa ya shige ciki, da shi ya ke auna wa gwauruwa. Ba sai an gaya maka sunan wannan aiki ba, gama ko yaro ya san ha'inci ne. Shari'ar da Allah ya ba Isra'ila ta hannun Musa ta hana shi a fili cikin Kubawar Shari'a sura 25, inda aka hana mutum ajiye duwatsun awo iri biyu cikin jakarsa. Littafin Misalai ya koma kan zancen fiye da sau ɗaya, annabi Amos kuma ya tsauta wa attajiran zamaninsa domin suna rage mudu suna ƙara kuɗi.

Amma cutar mai mudu biyu tana da iyaka. Gwauruwa ta kan koma gida ta sake auna hatsin da nata kwano, ta gane, gobe ta tafi rumfar wani. A zamaninmu kuwa akwai waɗansu ma'auna da talaka ba shi da kwanon da zai bi bayansu da shi. Su ne masu-bincike: wanda ya ke gwada ƙarfe domin ya san nauyin da zai ɗauka kafin ya lanƙwashe, da wanda ya ke gwada magani, da wanda ya ke auna ruwan rijiya ko ya shawu, da masanin lissafi wanda duk waɗannan su ke aiki da ƙa'idodinsa. Abin da suka rubuta, wani ya kan ɗauka ya yi gini a kai, wani kuma ya ɗora nasa a bisa na wancan, har ya zama bene mai hawa da yawa. Sa'ad da ka hau gadar Makurdi, wadda aka buɗe a kan kogin Binuwai a shekara ta 1932, ka ba da ranka amana ga lissafin mutanen da ba ka taɓa ganin fuskarsu ba. Tambayar da ke gabanmu ke nan: idan awo ya ƙi faɗin abin da mai awon ya ke so, kuma babu mai ganinsa, me ya wajaba a kansa? Lamba ƙanƙanuwa cikin littafi tana da wani nauyi a gaban Allah?

Mu fara da tushe. Mu masu-bi mun gaskata Allah ne ya yi sama da ƙasa, ya kuwa yi su bisa tsari. Ƙarfe ba ya sake halinsa domin sarki ya yi fushi, ruwa kuma ba ya gangara sama domin an ba shi toshiya. Saboda haka mai-bincike shaida ne. An kawo shi gaban aikin hannun Allah, aka ce masa ya duba ya faɗi abin da ya gani. Idan ya ga bakwai ya rubuta tara, ya yi shaidar zur, a kan halitta da fari, sa'an nan a kan maƙwabcinsa wanda zai dogara ga taran. Babu dalili mai-bi ya ji tsoron bincike, kamar wanda ke zaton za a tono wani abu da zai kunyata Mahalicci. Abin tsoro yana cikin zuciyar mai binciken.

Ga labarin wani mutum da ya gane wannan. Sunansa Yohanna Kepler, Bajamushe ne, an haife shi a shekara ta 1571. Ya yi karatu a Tubingen da nufin zama mai-wa'azi, amma aka aike shi koyar da lissafi. A shekara ta 1600 ya tafi ƙasar Bohimiya wurin Tycho Brahe, mutumin Danmak, wanda ya yi wajen shekara 20 a wani tsibiri yana auna mazaunin taurari dare bayan dare. A lokacin ba a ƙago madubin hangen nesa ba tukuna, da ido da manyan kayan awo ya ke aiki, duk da haka ba a taɓa yin awo mai kyau irin nasa ba. Aka ba Kepler aikin gano hanyar jan tauraron nan da Turawa ke kira Mas, Larabawa kuma Mirrihu. Tycho ya rasu a 1601, littattafan awonsa suka zauna a hannun Kepler.

Tun zamanin Yunanawa, kusan shekara 2,000, masana sun ɗauka lalle tafiyar taurari bisa da'ira ta ke, domin a ganinsu da'ira ce cikakkiyar siffa, ita ce kuma ta dace da sama. Kepler ma haka ya ɗauka. Ya zauna yana lissafi da alƙalami, ya gwada ya rushe, ya sake gwadawa, har ya ba da labari da kansa ya maimaita wannan doguwar hanya wajen sau 70. A ƙarshe ya sami wata da'ira da ta yi daidai da awon Tycho ƙwarai. Amma da ya gyara ta domin ta dace da wani irin awo dabam, sai ga tazara ta fito tsakanin lissafinsa da abin da Tycho ya gani: minti 8.

Kada ka zaci mintin agogo ne. Masana su kan raba kewayen sama kashi 360, kowane kashi kuma su raba shi 60, kowane ɗaya daga cikin ƙananan nan shi ne minti. Faɗin wata sa'ad da ya cika wajen minti 30 ne. Minti 8 fa bai wuce rubu'in faɗin wata ba sai kaɗan. Awon mutanen dā ya kan kauce har minti 10, ba wanda ya damu. Da Kepler ya so, da sai ya ce idon Tycho ne ya gaza a daren nan, Tycho kuwa yana kabari, ba shi da bakin musu. Aikin shekaru yana gabansa a gama, sarki yana jira, albashi ba ya zuwa a kan kari.

Kepler ya ƙi. Ya san Tycho ba ya kuskure mai girman haka, awonsa bai cika kaucewa fiye da minti 2 ba. Ya kuma lissafta samun ma'auni mai-aminci irin wannan kyauta ce daga alherin Allah, wadda bai kamata a raina ba. Sai ya watsar da da'irar, ya koma farko. Wajen shekara ta 1605 ya gane siffar hanyar. Ka san yadda magini ke shata ɗakin kago: ya kafa turke ɗaya, ya ɗaura igiya, ya zaga. To, idan ka kafa turaku biyu, ka ɗaura bakin igiya ɗaya a kowanne, ka ja ta da tsinke ka zaga, za ka sami da'ira mai ɗan tsawo. Ita ce hanyar Mirrihu, rana kuwa tana mazaunin turke ɗaya. Ya buga wannan a 1609 cikin littafinsa Astronomia Nova, watau sabon ilmin taurari. A kan ƙa'idodin Kepler ne Isaac Newton ya kafa nasa aiki a 1687, da lissafin nan kuma a ke aika tauraron ɗan Adam sama har wa yau. Dukan wannan ya fito daga rubu'in faɗin wata da mutum ɗaya ya ƙi ɓoyewa.

Tun da shi ke zancen gaskiya mu ke yi, ba daidai ba ne mu ɓoye tabon gwarzon namu. A shekara ta 1988 wani masani, William Donahue, wanda ya juya littafin nan zuwa Turanci, ya nuna akwai wani jerin lambobi a ciki da Kepler ya gabatar kamar daga awon sama ya samo su kai tsaye, alhali da taimakon ƙa'idarsa ya fitar da su. Ƙa'idar gaskiya ce, ba ta faɗi ba. Amma ga shi, mutumin da ya tsaya a kan minti 8 ya zame a wani shafi, aka kuwa tono shi bayan shekara 379. Idan itace mai ƙarfi haka ya tanƙwara, kada kai da ni mu yi alfahari.

Watakila za ka ce, ai ɗan Adam tara ya ke bai cika goma ba, ashe kowane kuskuren lissafi zunubi ne? A'a, ko kaɗan. Bincike ba ya tafiya sai da kuskure, kamar yadda yaro ba ya koyon tafiya sai da faɗuwa. Sau 70 ɗin nan na Kepler ba laifi ba ne. Amma akwai wurin da kuskure ya kan rikiɗa ya zama laifi, wurin kuwa yana da wuyar gani. Domin a gane shi sai mu tafi Kanada.

A farkon ƙarni na 20 aka tashi gina gada a kan kogin San Loran kusa da birnin Kwibek. Irin gadar nan ce da a ke miƙo hannu na ƙarfe daga kowace gaɓa, ba tare da tokara a ƙarƙashi ba, har hannuwan su sadu a tsakiya. Kamfanin Phoenix na ƙasar Amurka ya karɓi aikin, babban mai-zanensa Peter Szlapka, mai-duba aikin duka kuwa Theodore Cooper ne, dattijo wanda sunansa ya kai ko'ina cikin maginan gada. Bisa shawarar Cooper aka ƙara tazarar tsakiya daga ƙafa 1,600 zuwa 1,800. Akwai dalilai masu kyau na yin haka, gama ginshiƙai za su matso bakin gaɓa, nesa da zurfin ruwa da ƙanƙara. Amma kuma da wannan ƙari gadar za ta ɗara ta Forth a ƙasar Sikotlan, ta zama babu kamarta a duniya.

Gada mai tsawo ta fi nauyi, nauyin kanta kuwa shi ne kaya na fari da za ta ɗauka. Ya kamata a sake lissafin nauyin daga tushe. Ba a yi ba, aka ci gaba da ƙiyasin farko. A 1903 hukumar ƙasar ta so ta sa wani injiniya dabam ya bi zanen ya duba. Cooper ya ƙi, ya ce wannan zai mai da shi ƙarƙashin wani, aka kuwa bar masa. A 1906 aka kawo masa labari ƙarfen da aka ƙera ya fi abin da aka ƙiyasta nauyi. Ya duba, ya ga an riga an ƙera da yawa an kuma kafa waɗansu, sai ya ce ƙarin bai kai na damuwa ba. Yana zaune a Niyu Yok, ba shi da lafiya, bai taɓa zuwa ya ga ƙarfen nan da idonsa sa'ad da a ke ɗora shi ba.

Cikin watan Agusta na 1907 wani saurayin injiniya, Norman McLure, wanda ke tsaye a wurin a madadin Cooper, ya ga waɗansu manyan ƙarafan ƙasa sun fara lanƙwasa. Ɗaya daga ciki, karkatarsa ta tashi daga ƙasa da inci 1 ta wuce inci 2 cikin 'yan kwanaki. Kamfani ya ce tun daga maƙera aka kawo su haka. McLure ya ce a'a, nauyi ne ke tanƙwara su. Shugaban ma'aikata ya tsai da aiki, amma aka sa shi ya koma, domin ana tsoron idan aka tsaya ma'aikata za su watse. McLure ya hau jirgin ƙasa zuwa Niyu Yok. Ran 29 ga Agusta da safe ya sadu da Cooper, dattijon kuwa ya gane hatsarin, ya buga waya zuwa ofishin kamfani cewa kada a ƙara wa gadar kaya. Saƙon bai kai bakin kogi ba. Da yammar ranar, wajen ƙarfe 5 da rabi, ana gab da tashi daga aiki, hannun kudu ya rushe cikin daƙiƙa 15. Mutum 86 ke bisansa, 75 suka mutu. Daga cikinsu 33 'yan ƙabilar Mohok ne daga ƙauye guda, Kahnawake.

Hukumar da aka naɗa ta bincika ta ba da rahoto a 1908. Ta ɗora abin a kan kuskuren hukunci na Szlapka da Cooper, ta kuma ce ba domin jahilci ko ƙyuya ko rowa suka yi shi ba. Ba mu da ikon shiga zuciyar Cooper, Allah ne mai-shari'a, mu kuwa mun tuna Ubangiji Yesu ya gargaɗi masu saurin yanke hukunci a kan waɗanda hasumiyar Siluwam ta faɗa wa. Amma muna iya duban ayyukan mu koya. Cooper bai ƙaga lamba ba, bai ci hanci ba. A ganina kuskurensa ya zama laifi a wuri biyu. Na fari ran da ya ƙi a duba aikinsa domin girmansa, gama mai mudun gaskiya ba ya jin haushi idan mai saye ya ce zai sake aunawa. Na biyu ran da awo ya zo masa da labari marar daɗi, ya karɓe shi da tambayar da ba ita ba ce. Maimakon ya tambaya ko gadar za ta tsaya, zuciya ta kan tambaya nawa za a yi hasara idan aka koma baya, sa'an nan ta nemo lissafin da zai ba ta amsar da ta ke so. Kepler ya ga minti 8 ya rushe aikin shekaru. Cooper ya ga ƙarin nauyi ya ce a ci gaba. Bambancinsu ba na ilmi ba ne.

Shari'ar Musa ta san irin wannan laifi. Cikin Kubawar Shari'a sura 22 an umurci wanda ya gina sabon gida ya yi wa soronsa rawani, domin kada wani ya faɗo alhakin jini ya hau kan gidan. Mai gidan bai ture kowa ba, bai yi nufin mugunta ba, abin da ya bari bai yi ba shi ne ya kama shi. Yaƙub manzo kuma ya koya mana sanin abin kirki da ƙin aikata shi zunubi ne. An gama gadar Kwibek a 1917, bayan wani hatsari na biyu a 1916 da ya ci mutum 13. Tun 1925 kuma injiniyoyin Kanada su kan ɗauki alkawari su sa zoben ƙarfe a ƙaramin yatsan hannun da su ke rubutu da shi. Mutane su kan ce da ƙarfen gadar da ta faɗi aka ƙera zobban, wannan ba gaskiya ba ne, amma dabarar tana da kyau: zoben yana gogar takarda duk sa'ad da mai shi zai sa hannu.

Yanzu fa zance ya zo kanka. Watakila kai ɗalibi ne, an ba ka gwaji ka yi sau 10, ka yi sau 4 wuta ta ɗauke, ka cika sauran da ka. Ko kuwa ka yi duka 10, guda 3 suka ƙi bin abin da malam ya ke tsammani, ka share su ka miƙa 7 kamar su ke nan. Tuna da Hananiya da Safiratu cikin Ayukan Manzanni sura 5. Gonarsu ce, kuɗinsu ne, ba wanda ya tilasta musu su kawo duka. Laifinsu shi ne sun kawo wani kashi suka ce duka ne. Idan akwai dalilin fid da wani awo, sai ka rubuta shi, ka rubuta dalilin kusa da shi, mai-karatu ya yi hukunci da kansa. Haka kuma idan kai ne mai gwada siminti, ko mai duba jini a asibiti, ko mai awon fili, ko akawu a kan sikeli. Wanda ya ɗauki binciken wani ya sa sunansa a kai, ɓarawo ne ko da bai haura katanga ba.

Na san amsar da a kan bayar. Kowa haka ya ke yi. Idan na rubuta gaskiya zan faɗi jarrabawa. Maigida ya ce in sa hannu ko in bar aiki, ga 'ya'ya a gida. Waɗannan ba ƙananan abubuwa ba ne, ba kuwa zan yi maka alkawarin da Ubangiji bai yi ba. Mai gaskiya ya kan yi hasara a duniyan nan. Kepler ya mutu a 1630 a garin Regensburg, ana riƙe masa bashin albashi mai yawa. Amma ka lura da abin da a ke roƙonka. Ba a ce ka ba da naka ba, an ce ka ba da ran wanda zai kwana cikin ginin, ko zai sha maganin, shi kuwa ba a tambaye shi ba. Wannan ba naka ba ne da za ka sayar. Ikilisiya kuma tana da nata rabo: idan ɗan'uwa ya rasa aiki domin ya ƙi sa hannu a kan ƙarya, kunya ce gare mu mu yabe shi da baki mu bar gidansa da yunwa. Kada kuma mu zaci wannan hali namu ne mu kaɗai. Akwai Musulmi, akwai waɗanda ba su bin kowane addini, da ke riƙe amanar awo fiye da waɗansu masu zuwa sujada kowace Lahadi, abin da ya isa ya sa mu sunkuyar da kai.

Idan kuwa ka riga ka yi fa? Jinin Almasihu ya isa ya wanke wannan kamar sauran zunubai, idan ka furta shi da gaskiya. Amma lambar da ka rubuta tana nan a takarda tana aiki, ko bayan an gafarta maka. Zakka bai tsaya ga murnar karɓar Yesu a gidansa ba, ya tashi ya mayar wa waɗanda ya zalunta. Mayarwar mai-bincike ita ce ya koma wurin waɗanda suka dogara gare shi ya nuna musu shafin. Haka ma wanda ya gano kuskure cikin aikinsa, ko da bai yi shi da gangan ba.

An taɓa yin haka a Niyu Yok. A 1977 aka gama wani bene mai hawa 59, na bankin Citicorp, wanda William LeMessurier ya yi lissafin ƙarfensa, ya sami yabo mai yawa. A 1978 tambayar wani ɗalibi ta sa ya sake duba yadda ginin zai jure iskar da ke bugun kusurwa. Ya kuma tarar an haɗa manyan ƙarafan da ƙusoshi masu noti maimakon walda da ya zana. Bisa lissafinsa, guguwa irin wadda a kan yi sau ɗaya cikin shekara 16 tana iya ka da ginin idan wutar lantarki ta ɗauke. Ya faɗa daga baya ya yi tunanin yin shiru, har ya yi tunanin kashe kansa. Sa'an nan ya tafi wurin masu ginin ya gaya musu, yana sane sunansa da dukiyarsa suna iya tafiya. Aka kawo masu walda suna aiki da dare bayan ma'aikatan ofis sun tashi, suna liƙa faranta na ƙarfe masu kaurin inci 2 a kan mahaɗai fiye da 200. Ana cikin aikin wata guguwa ta nufo birnin, sa'an nan ta juya ta yi teku. Aka gama cikin watan Oktoba. Daga baya waɗansu masu-bincike sun sake lissafin suka ce hatsarin bai kai yadda ya zata ba, amma shi da abin da ya sani a lokacin ya yi aiki. Abu ɗaya ya rage da masana ke gardama a kai har yanzu: an shirya da hukumomin birni yadda za a kwashe mutane idan iska ta taso, amma maƙwabtan da ke kwana a inuwar ginin ba a gaya musu gaskiyar abin ba. Sai a shekara ta 1995 suka karanta shi cikin mujalla.